Hular Kwano da Kafaɗar Ladi

Ana sallame sallar asuba muka bar Kaduna, mu uku a gaban a-kori-kurar kamfani. Direba yana kan sitiyari, Sistar da ke kula da ɗan asibitin ma'aikatanmu tana bakin taga, ni kuma aka cusa ni tsakiya, giya tana dukan gwiwata duk sa'ad da aka canza ta. Suleja muka nufa, daga can mu zarce wurin fasa dutsenmu da ke kan hanyar Izom. A aljihun gaban rigata akwai ambulan mai ruwan ƙasa, a cikinta kuma takardar korar wata mata ce da ban taɓa gani ba, sunanta Ladi.

Bari in gaya muku yadda takardar ta zo aljihuna. Kamfaninmu tsakuwa yake sayar wa masu gina Abuja, ni kuma akawu ne a sashen ma'aikata. A daminar da ta wuce wani dutse ya ɓallo daga sama ya sami wani lebura a ka, bai kwana ba. Manajanmu da kansa ya je gaisuwa, ya dawo ya yi kwana biyu ba a ga haƙorinsa ba. Daga nan aka yi odar hulunan kwano masu ruwan ɗorawa, kowa da tasa, aka ce ni in rubuta doka. Na zauna gaban tafireta na buga cewa duk wanda aka gani a filin aiki ba hula, to a bakin aikinsa. Layin nan ya burge ni ƙwarai, har gida na kai shi na karanta wa maiɗakina. Ba a yi wata biyu ba foman ɗin wurin ya aiko cewa mata goma sha ɗaya masu jidar tsakuwa sun ƙi sa hular ƙememe, kuma Ladi ce babbarsu. Manaja ya ce a sallame ta, sauran za su shiga taitayinsu. Ni na buga takardar, ni aka ba in kai.

Hanya dai ba laifi, tun da aka raba ta biyu ta yi sauƙi. Mai ne abin tsoro. Kowane gidan mai muka wuce layi ne har ya sha kwana, wasu direbobin sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin motocinsu kamar nan ne garinsu. Mu da galan biyu a baya muka taho, direbanmu yana leƙa su ta madubi fiye da yadda yake leƙa motocin da ke binmu. A Kateri muka tsaya karyawa. Na sha shayi mai kauri da burodi, Sista ta sayi ƙosai mai zafi, ta ce na wurin ya fi na Kaduna girma amma barkono ya yi masa yawa. Ta cinye tas duk da haka.

Tun ƙarfe takwas zafin bazara ya fara nuna halinsa. Daga Jere zuwa Tafa abin da ya fi yawa a bakin titi shi ne tulin itace da buhunan gawayi, an jera su kamar katanga. Direbanmu ya ce lokacin da ya fara bin hanyar nan yana ɗan kwandasta, akwai wuraren da rana ba ta taɓa kwalta saboda duhuwar itatuwa, yanzu kuwa sai ka hango tsauni daga nesa ba abin da ya tare maka. Ya ce shi bai yi boko ba, amma ya san ruwan sama yana ƙara makara kowace shekara, kuma ya san tukwanen Abuja ba da iska suke tafasa ba. A nan ne na fara ganin matan Gbagyi, waɗanda mu muke ce wa Gwarawa, suna fitowa daga daji a jere, kowacce da ƙatuwar ƙwarya cike da itace a kafaɗa, kai a karkace gefe guda. Na kalle su na ce ikon Allah, na juya na ci gaba da hirata. Ko kusa tunanina bai je kan ambulan ɗin aljihuna ba.

Da muka hango Dutsen Zuma can gaba ya tokare sama, direba ya ce mu yi addu'a kada manaja ya biyo ta nan, don in ya gan shi sai ya tambayi tifa nawa zai bayar. Muka karkata muka shiga Suleja da hantsi.

Suleja ta cika ta batse. Na san garin shekarun baya, lokacin da za ka ratsa shi ka gaisa da rabin mutanen da ka gamu da su. Yanzu duk wanda haya ta gagara a Abuja nan yake kwana, ya yi sammako ya bi bas. Mai gida ya toshe zaure ya mai da shi ɗaki, ya toshe rumfar awaki ita ma ya sa mata ƙofa. A Kwamba muka sauke kaya a wani gidan haya da kamfani ya kama wa baƙinsa. A tsakar gidan nan kaɗai na ji Hausa da Gwaranci da Yarbanci da Turancin kasuwa, duk a bakin rijiya ɗaya. Wata dattijuwa 'yar gari, wadda ita ce mai gidan, ta kawo mana ruwan randa mai sanyi, ta tambaye mu iyali ɗaya bayan ɗaya kamar ta san su.

A nan foman ya same mu. Mutumin kudu ne, ya shekara ashirin a Suleja, Hausa a bakinsa kamar ruwa sai dai yana yi mata yaji da Turanci. Ya shiga bayan mota muka kama hanyar Izom. Bayan an wuce mararraba sai muka saki kwalta muka bi wata jar hanya da tifofi suka farfashe. Tun kafin mu ga wurin muka ga alamarsa, don ganyen mangwaron da ke bakin hanya duk ya yi fari da garin dutse. Akwai wani ɗan rafi da muka tsallaka, ruwansa ya koma kamar an dama koko. Sista ta leƙa ta taga ta tambaya ko mutanen ƙauyen da ke kusa suna sha. Foman ya ce da can dai suna sha.

Wurin kansa rabin tsauni ne aka ɓare. Injin niƙa dutse yana ta ruri a gindinsa, ba ka jin maganar na kusa da kai sai ya ɗaga murya. Tifa ba ta iya hawa inda injin yake zubar da tsakuwa, saboda haka mutane ne suke jidarta da daron ƙarfe, su gangaro ta wata siririyar hanya da ta bi ta ƙarƙashin bangon da ake fasawa, su juye a inda ake lodi. A kan wannan hanyar ne dutse ya sami marigayin.

Na tsaya da littafina a hannu, hulata a kai, ina jin kaina wani babba. Abin da na fara gani ya sa na cire tabarau na goge. Mazan da ke jida suna ɗora daro a ka bisa gammo, hular kuwa tana rataye a gwiwar hannu tana lilo. Sai sun juye kaya sannan su kifa ta a ka su hau sama. Na tambayi foman wannan fa. Ya ce, "Oga, to a ina za su ɗora daron? Kai ɗaya Allah ya ba su. Amma ai suna sawa in za su koma, ka ga sun bi doka rabi." Na duba littafina, babu inda na tanadi gurbin rabi.

Sai ga matan sun gangaro. Gwarawa ne irin masu itacen da na gani a hanya, su ba sa ɗora kaya a ka ko kaɗan. Daron yana zaune a kafaɗa da bayan wuya, hannu ɗaya ya riƙe bakinsa, kai ya kauce masa. Hulunansu kuwa suna can jere a kan wani falalen dutse, sababbi fil, an kife su a tsanake kamar kwanukan amarya. Foman ya nuna mini ta gabansu, wata doguwar mata baƙa da ta ba hamsin baya, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwalinta. Ya ce ita ce Ladi.

Aka kira ta. Ta juye tsakuwarta tukuna, ta kaɗe zane, ta zo ta rusuna ta gaishe mu. Na gyara murya na tambaye ta, da irin muryar da nake yi wa masu makara, me ya sa ba ta sa hular da kamfani ya kashe kuɗi ya saya don ya tsare ranta.

Ta ce, "Malam, hula mai kyau ne. Mun gode. Amma shi da daro ba sa zama wuri ɗaya."

Na ce to ta ɗora a ka mana kamar kowa. Ta dube ni kamar na ce ta yi tafiya da hannu. Ta ce su ba sa ɗora wa kai kaya, kai shi ke yi wa mutum tunani, aikin da ke kansa ya ishe shi. Haka ta tarar da uwarta, haka uwarta ta tarar da tata. Sannan ta ƙara da cewa ai su ma masu ɗorawa a ka ba da hula suke ɗorawa ba.

Ni mutum ne mai gardama, maiɗakina shaida ce. Na ce a ba ni daro in nuna musu. Aka zuba mini rabi, don sun ji tausayina, aka ɗora mini a kafaɗa. Abin da ya fara faruwa shi ne bakin daron ya tokari bakin hular ta baya. Na karkata kai don in ba shi wuri, sai hular ta zame ta rufe mini ido ruf. Taku uku na yi a makance a kan gangara, na huɗun na ji ni zaune, tsakuwa tana kwarara cikin wuyan rigata. Sai direbanmu, Allah ya saka mini, ya fara ƙyalƙyalewa, filin gaba ɗaya ya ɗauka. Ladi ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta miƙo hannu ta tashe ni, ta ce, "Sannu, Malam. Haka ya yi wa ƙanwata a ranar farko. Ita a can sama ne, sai da ta gangaro har ƙasa."

Na juya ga foman na tambaye shi me ya sa bai rubuta wannan a rahotonsa ba. Ya ce, "Oga, fom ɗin da kuka aiko gida biyu ne, ya sa hula, bai sa hula ba. Ina zan rubuta labari?" Fom ɗin ma ni na zana shi.

Da aka tashi hutun rana Sista ta shimfiɗa kayanta a inuwar wata rumfar kwano ta fara duba mutane. Tari ne ya fi yawa, da jan ido. Matan suka zo a ƙarshe, ni na koma gefe na ba su baya. Can sai na ji Sista ta yi salati. Ta ce in zo. Ladi ta yarda na gani, ta sauke tsumman da ta naɗe kafaɗarta ta dama. Gyambo ne faɗin tafin hannu, gefensa ya yi kanta, tsakiyarsa ɗanye. Ƙwaryar da suka saba ɗauka gindinta sumul yake, ba ta cin jiki. Daron kamfani kuwa ƙarfe ne mai kaifin gindi, rana ta gasa shi, ga nauyin dutse. Su goma sha ɗayan nan babu wadda kafaɗarta take lafiya, nata ne dai ya fi muni. Mun sayi abin kare kan da ba a ɗora masa komai, kafaɗar da take ɗauke da kamfanin kuwa ko kallonta ba mu taɓa yi ba.

Sista ta wanke ciwon ta ɗaure, ta jawo littafinta za ta rubuta. Ladi ta dafe shafin da hannu. Ta ce, "Don Allah, Sista, kada ki rubuta. In ofis ya ji ina da ciwo, za su ce ba na iya aiki. Jikoki uku ke hannuna." Ta ce duk lokacin da ofis ya tuna da su, wani ne yake tafiya gida.

Maganar nan ta soke ni, don gaskiya ce, kuma shaidarta tana aljihuna. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba a wurin aiki. Don in fita daga kunyar na yi saurin kawo dabara, na ce zan sa a sayo musu baro, kowa ya tura kayansa da hularsa a ka, ba kai ba kafaɗa. Na zaci za ta yi murna. Ta yi lissafi da ido, sannan ta ce baro ɗaya yana ɗaukar kayan mata uku, to sauran biyun su je ina? Na tambaye ta ita me take so a yi. Ina jin tun da aka buɗe wurin ba a taɓa yi mata wannan tambayar ba, don sai da ta waiga ta ga ko da wani nake. Ta nuna bayan tsaunin ta ce akwai tsohuwar hanyar masu itace ta can, ta fi nisa kaɗan amma babu dutse a samanta. In an share ta, ba mai bi ta ƙarƙashin bango, da hula ko ba hula. Daron kuma a bar su su naɗe gindinsa da tsohuwar roba.

Da la'asar muka koma Suleja ban ba da takardar ba. Na gaya wa kaina sai gobe. Muka ci sakwara da miyar agushi a wata rumfa kusa da tasha, malmala biyu ta ishi ƙato, kuma kuɗinta bai kai na Kaduna ba. Direba ya yi uku. Ni kuwa ina ci ina jin kafaɗata tana zugi, daga taku huɗu kacal da rabin daro.

Washegari da sassafe muka koma, muka bi hanyar masu itacen da ƙafa ni da foman. Yadda ta faɗa haka take. Muna can aka busa jiniya za a tashi nakiya, kowa ya ruga ya fake. Ƙasa ta girgiza, ƙura ta turnuƙe, kuma bayan an busa ta biyu cewa an gama, mutane sun koma aiki, ina tsaye ina kallo wasu duwatsu suka ci gaba da gangarowa ɗaya-ɗaya a kan hanyar ƙarƙashin bango. Wani da ya kai tulu girma ya faɗo tsakanin mutum biyu. Babu hular da za ta tare wannan.

Muna shirin tafiya sai ga Ladi ta ɓullo daga wajen ƙauye da doya biyar manya a ƙwarya, a kan kafaɗar nan da aka ɗaure jiya. Ta sauke a bayan motarmu ta ce a kai wa iyali, daga rumbunta ne. Na ce ba zan karɓa ba, ta ce baƙo ba ya komawa hannu sake. Ta yi mana Allah ya kiyaye hanya, ta juya ta ɗauki daronta.

Sai da muka wuce Tafa direba ya ce, "Malam, ka san ta sani ko?" Na ce ta san me. Ya ce takardar. Tun kwana uku kafin mu zo foman ya gaya wa kowa cewa akawu yana tafe da takardar korar Ladi. Ta san abin da ke aljihuna lokacin da ta miƙo hannu ta tashe ni daga ƙasa, ta kuma sani lokacin da ta ɗauko doyar. Sista ta miƙo mini gyaɗa a Kateri, na girgiza kai.

Mun iso gida kafin magariba. Yara suka yi ta murna da doya, maiɗakina ta ɗauko wuƙa, na ce ta mai da wuƙar, kada wanda ya taɓa doyar nan sai na je ofis na dawo. Ta dube ni, ta ga fuskata, ta mai da ita.

Da safe na shiga wurin manaja na ajiye masa ambulan ɗin yadda ya ba ni ita. Ya ce na san ƙin bin umarni ne wannan? Na ce na sani, ranka ya daɗe. Na ba shi labari tun daga faɗuwata, ban rage komai ba. Sista ta kawo nata rahoton, ta rubuta kafaɗu goma sha ɗaya, ba ta sa sunan kowa ba. Ya karanta sau biyu. Ya tambaya me ya sa ba wanda ya gaya masa, na ce don ba mu bar musu wurin faɗa ba. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya kama shi tun ranar gaisuwar nan, ni kuma na buga masa tsoron da tafireta. A ƙarshe ya sa aka kira foman ta oba-oba, ya ce kada a sallami kowa, a tura katafila ta share hanyar bayan tsauni, a rufe ta ƙarƙashin bango, Sista kuma ta riƙa zuwa duk wata. Maganar rafin da ya koma koko ya ce a bari tukuna, kuma har yau da nake rubutun nan tana nan a tukuna. Ni ma ya ba ni takardar gargaɗi, don kada in saba.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa, amma ya zauna mini. Kamfani yana iya son ma'aikacinsa da gaske ya kuma cuce shi, in dai daga nesa yake son nasa. Duk kulawar da za ta sa mutum ya ɓoye ciwonsa don tsoron rasa abinci, ba ta isa a kira ta kulawa ba tukuna. Kuma duk wanda zai rubuta wa masu ɗaukar kaya doka, ya fara ɗaukar kayan ko da taku huɗu ne.

Da na koma gida da yamma na tarar da doyar tana jingine a inda na bar ta, guda biyar cif. Maiɗakina ta ɗago ta dube ni. Na ce mata ta ɗauko wuƙar, mai doyar tana nan a kan aikinta.